Sa'ad da Rai Yake Jiran Alƙali



A ranar 11 ga watan Mayu 1997 aka kai wani jariri, wanda bai cika wata guda a duniya ba, asibitin kamfanin Chevron da ke Legas. Likita ya duba shi, ya ga jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ya ce in ba a yi masa ƙarin jini ba, da wuya ya kai labari. Mahaifiyar yaron kuwa tana cikin Shaidun Jehobah, waɗanda imaninsu ya hana su karɓar jini, saboda haka ta ƙi yarda. Kashegari lauyan 'yan sanda ya tsaya gaban babban majistare, ya roƙi umarni na gaggawa. Majistare ya bayar, aka yi wa yaron ƙarin jini a ranar, ya samu sauƙi, aka sallame shi.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Mahaifiyar ta kai ƙara Babbar Kotu tana neman a soke umarnin, a kuma biya diyya, ba ta yi nasara ba. Ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara, aka kori ƙararta a 2008. Ta wuce Kotun Ƙoli. Sai a ranar 8 ga watan Maris 2019 Mai Shari'a Olabode Rhodes-Vivour ya karanta hukunci na ƙarshe a wannan shari'a da lauyoyi suka sani da sunan Esabunor da Faweya. Abin da kotun ta tsayar shi ne, baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani don kansa, amma idan yaro ne wanda bai iya magana don kansa ba, kotu za ta shiga tsakani, ta duba abin da ya fi masa amfani, ceton ransa kuma yana gaba da imanin iyayensa. A ranar da aka faɗi wannan, jaririn da ake magana a kansa saura makonni kaɗan ya cika shekara 22.

Ga agogo biyu ke nan a cikin shari'a guda. Ɗaya ya yi aikinsa cikin yini, ɗaya kuwa ya ɗauki shekara 22. Da a ce ran yaron nan ya rataya ga agogo na biyu, da ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa kafin alƙalai su ce yana da haƙƙin rayuwa. Mutanenmu suna cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Gaskiya ne, amma mai ciki watanninta tara ne, an san ranar da za a fara sa ido. Abin da muke so mu yi tunani a kai a wannan fitowa shi ne, wane nauyi ke kan alƙali, da lauya, da iyali, sa'ad da abin da ake gardama a kai ran mutum ne da yake bakin gaɓa, kowace sa'a da ta wuce kuma tana rage abin da ya saura a yanke.

Akwai wata shari'a da ta riga wannan. A watan Agusta 1991 wata mata mai shekara 29, wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, ta kwanta a wani asibiti a Anaca. Ita ma Mashaidiyar Jehobah ce, ita da mijinta suka ƙi ƙarin jini, suka sa hannu a takarda. Aka mai da ita wani asibiti a Inugu, inda Dokta John Okonkwo ya ci gaba da jinyarta ba tare da jini ba, bisa ga nufinta, har ta rasu a cikin wannan wata. Kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata shida. Sai a watan Maris 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce ba a tilasta wa baligi mai hankali magani, ko da ƙin nasa zai kai shi ga mutuwa. Kusan shekara 10 likitocin ƙasar nan suna aiki ba su da tabbacin abin da doka za ta ce da su in suka fuskanci irin wannan. Mu Katolika ba mu ga laifi a ƙarin jini ba, muna ma ɗaukar ba da jini aikin ƙauna ne. Ba mu kawo waɗannan labarai don mu zargi imanin kowa ba. Mun kawo su ne domin su ne inda kotunanmu suka fi fuskantar wannan tambaya kai tsaye.

A ƙasashen Turai da Amurka gardamar ta kan zo ta wata fuska. A can akwai na'urar taimakon numfashi da bututun abinci da za su iya riƙe mutum shekara da shekaru bayan ya daina sanin inda kansa yake. Tambayar da ta kan kai su kotu ita ce ko a ci gaba, ko a dakata, wa kuma yake da ikon faɗa.

Terri Schiavo ta yanke jiki ta faɗi a jihar Fulorida ta Amurka a watan Fabrairu 1990, ƙwaƙwalwarta ta yi mummunan rauni. Tana numfashi da kanta, amma da bututu ake ciyar da ita. A 1998 mijinta ya roƙi kotu a cire bututun, yana cewa ita da bakinta ta taɓa nuna ba ta son irin wannan zama. Iyayenta suka ce ba su yarda ba. Shekara bakwai ana ja. An cire bututun a 2001, aka mayar bayan kwana biyu. An cire a 2003, aka mayar bayan kwana shida, da majalisar jihar ta yi doka ta musamman dominta. An cire na uku a ranar 18 ga Maris 2005. Majalisar ƙasa ta yi zama na gaggawa, shugaban ƙasa George Bush ya sa hannu a doka da tsakar dare, lauyoyi suka riƙa gudu daga wannan kotu zuwa waccan, kowace ta ƙi ba da umarnin a mayar. Ta rasu a ranar 31 ga Maris, kwana biyu kafin rasuwar Paparoma Yohanna Bulus na Biyu.

Na Vincent Lambert a Faransa ya fi wannan ban tausayi ta wani gefen. Ma'aikacin jinya ne, ya yi hatsari a hanya a 2008, ya kwanta a asibitin birnin Reims. Matarsa tana gefe guda, iyayensa suna ɗaya gefen, 'yan'uwansa ma suka rabu biyu. Babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta yi hukunci a 2014, Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yi nata a 2015, duk da haka ba a gama ba. A ranar 20 ga Mayu 2019 da safe likitoci suka tsayar da abinci da ruwa. Da daddare wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Paris ta ce a mayar. A ƙarshen watan Yuni kotun ƙoli ta soke wannan umarni, aka sake tsayarwa a ranar 2 ga Yuli, ya rasu a ranar 11. Ku duba mutum a kwance, ba ya iya cewa uffan, ana ba shi ana janyewa gwargwadon takardar da ta iso daga kotu a ranar.

Ingila kuwa ta yi suna wajen sauri. Charlie Gard, jariri mai wata cuta ta gado da ba safai ake ganinta ba, yana kwance a asibitin Great Ormond Street a Landan. Iyayensa suna so su kai shi Amurka a gwada masa wani sabon magani, likitocinsa suka ce ba zai amfane shi ba, wahala kawai za a ƙara masa. Babbar Kotu ta yi hukunci a ranar 11 ga Afrilu 2017, Kotun Ɗaukaka Ƙara a Mayu, Kotun Ƙoli da Kotun Turai a Yuni. Kotuna huɗu cikin ƙasa da wata uku! A wurinmu wannan kamar almara ce. Amma a ranar 24 ga Yuli iyayen suka janye ƙararsu, suka ce lokaci ya riga ya ƙure, da an bar su tun da wuri, da wataƙila an dace. Likitocin asibitin ba su yarda da wannan ba, a ganinsu ɓarnar da cutar ta yi wa ƙwaƙwalwarsa ta riga ta wuce gyara tun kafin a shiga kotu. Ya rasu a ranar 28 ga Yuli, saura mako guda ya cika shekara. Ko wa ya fi gaskiya a cikinsu, abu ɗaya ya fito fili: saurin da ya isa abin yabo a ma'aunin kotu yana iya zama nawa a ma'aunin jikin jariri.

Kafin mu auna waɗannan, ya kamata mu tuna abin da Ikilisiya take koyarwa, gama da yawa daga cikinmu suna tsammani Kirista wajibi ne ya yi ta kokawa da mutuwa har sai abin da ke cikin rumbu ya ƙare. Ba haka ba ne. Tun a 1957 Paparoma Piyus na Goma Sha Biyu, yana magana da likitoci, ya bambanta kulawa ta yau da kullum, wadda take wajibi, da hanyoyin da nauyinsu ya wuce kima, waɗanda ba a ɗora wa kowa ba. An sake bayyana wannan a sanarwar Fadar Paparoma ta 1980, da wasiƙar Evangelium Vitae ta 1995, da Katikisma a lamba 2278, har zuwa wasiƙar Samaritanus Bonus ta 2020. Kashe mara lafiya da gangan, ko da shi ya roƙa, haram ne. Dakatar da maganin da ba ya warkarwa, sai dai ya ja wahalar mutuwa, halal ne, mai yin haka ya karɓi iyakar da Allah ya sa wa ɗan adam. Abinci da ruwa kuwa, ko da ta bututu ne, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya faɗa a 2004 cewa kulawa ce ta yau da kullum muddin jiki yana amfana da su. Shi ya sa Ikilisiya ba ta yi na'am da abin da aka yi wa Schiavo da Lambert ba. Shi kansa wannan Paparoma, da ƙarshensa ya zo a 2005, bai koma asibiti ba, a ɗakinsa ya cika.

To, me za mu ce game da lokaci? Mutane sukan ɗauka alƙalin da ya ɗage shari'a bai yanke kome ba tukuna. A shari'ar gona ko ta bashi, wataƙila haka ne, gama gona tana nan inda take, ko da damina uku ta wuce. A shari'ar mai numfashi sama-sama, ɗagewa ita ma hukunci ce, sai dai ba wanda ya sa mata hannu. Idan ana neman izinin ba da jini aka ce a dawo mako mai zuwa, an riga an hana. Idan ana neman a bar mutum ya cika cikin salama aka yi ta ɗagewa shekara bayan shekara, an riga an tilasta masa. Mai jinkirin yana iya wanke hannunsa ya ce shi bai ce kome ba. Mun san wani mai mulki da ya taɓa wanke hannunsa haka, sunansa kuma muna ambatonsa kowace Lahadi cikin Shaidar Bangaskiya.

Duk da haka ba za mu yarda da masu cewa kowace ɗaukaka ƙara ɓata lokaci ce ba. Mu a nan arewa muna da abin tunawa. A watan Maris 2002 wata kotun shari'a a Bakori, jihar Katsina, ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa. A watan Agusta babbar kotun shari'a ta Funtua ta tabbatar. Sai a ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Wata 18 tana kwana tana tashi da wannan abu a kanta, ba ƙaramar azaba ba ce. Amma waɗannan watanni su ne suka tsaya tsakaninta da kabari. Da an yi sauri, da kotu ta uku ta tarar babu wanda za ta saka. Wannan ba shari'ar asibiti ba ce, amma darasinta ɗaya ne. Kuskure iri biyu ne, akwai wanda ake gyarawa, akwai wanda ba ya gyaruwa. Idan alƙali ya ce a riƙe mutum da rai kwana uku a sake dubawa, daga baya aka ga ba a bukata, an yi hasarar kwana uku. Idan ya ce a cire, daga baya aka ga kuskure ne, babu kotun da za ta mayar da numfashi. Saboda haka a ganinmu, duk inda akwai shakka ta gaskiya, umarnin wucin gadi ya kamata ya karkata wajen rai, ya kuma fito a cikin sa'o'i, kamar yadda majistaren nan na Legas ya yi a 1997.

Amma jinkirin da ya halatta yana da alamu. Yana da abin da ake jira, watau ra'ayin wani likita, ko sakamakon gwaji, ko jin bakin wanda ba a ji ba. Yana kuma da ranar ƙarewa. Idan waɗannan babu, ya zama wani abu dabam. Akwai lauyan da ya san ba shi da sabuwar hujja, amma ya ci gaba da shigar da takardu domin kowace takarda tana sayen mako guda. Akwai ƙungiyoyi da 'yan siyasa da sukan rungumi irin wannan shari'a domin tutarsu ta tashi, mara lafiya kuwa ya koma abin nuni. Ba mu da ƙarfin halin zargin uwa da ta ƙi sakin ɗanta, wa zai iya? Amma waɗanda suke kewaye da ita, masu ilimi da kuɗi, su ne za su amsa tambaya in sun sayar mata da begen da su kansu ba su gaskata ba. A Bishara ta Luka, sura 18, Ubangijinmu ya ba da misalin gwauruwa da ta yi ta zarya wurin wani alƙali marar tsoron Allah. An yabi naciyarta, alƙalin da ya bar ta tana zarya kuwa da rashin adalci aka kira shi.

Kada wani ya ce mana kotunan Nijeriya ba su iya sauri ba. Sun iya, in an sa su. Tun gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010, sashe na 285 ya ba kotun ƙararrakin zaɓe kwana 180 ta gama, ya ba kowace kotun ɗaukaka ƙara kwana 60. Mun gani da idonmu a maƙwabtanmu: an yi zaɓen gwamnan Kano a ranar 18 ga Maris 2023, kotun zaɓe ta yi hukunci a Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara a Nuwamba, Kotun Ƙoli ta rufe magana a ranar 12 ga Janairu 2024. Matakai uku cikin ƙasa da wata goma. Masu yin doka sun ga kujerar mulki ba ta jira, suka sa mata wa'adi. Sauran shari'u kuwa, abin da suke da shi sashe na 36 ne, da yake cewa a saurari mutum cikin lokacin da ya dace, ba tare da ƙidaya kwanaki ba, da sashe na 294, da ya ba alƙali kwana 90 ya yi hukunci bayan lauyoyi sun gama jawabinsu, sa'an nan ya ƙara da cewa wuce wa'adin ba ya ɓata hukunci sai in an nuna ya jawo zalunci. Akwai dai ƙofa ɗaya da ya kamata a sani. Ƙa'idodin kare haƙƙin ɗan adam na 2009 sun yarda alƙali ya saurari roƙon gaggawa tun kafin a kira ɗaya ɓangaren, musamman in rai ko 'yancin mutum yana cikin hatsari. Ƙofar tana nan, sai dai mai shiga yana bukatar lauya, da kuɗin mota, da alƙalin da yake zaune. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki na kimanin wata biyu, daga Afrilu zuwa Yuni, ƙofofin kotuna a rufe.

Mutanen Kano sun ɗanɗana wani irin jinkirin. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai na farko suka karɓi diyya. Shekara 15. Irin wannan adalci yana da amfaninsa, amma ihu ne bayan hari.

Yanzu bari mu dawo gida. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Achilafiya da na'urar numfashi ta Landan? Daga ƙaramar hukumar 'Yankwashi, mai ɗaukaka ƙara zai bi ta Babbar Kotun Jiha mai hedikwata a Dutse, ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kano, ya ƙare a Abuja; wa zai bi wannan hanya da mara lafiya a kwance? Gaskiya ne, gardamarmu ba ta cika kai wa gaban alƙali ba. Amma muna da kotunmu, tana zama a zaure ko a ƙofar ɗakin jinya, tana kuma da nata ɗagewa da ɗaukaka ƙara. Mace tana naƙuda jini yana zuba, an ce sai maigida ya dawo daga cin rani. An same shi a waya, ya ce sai an ji ta bakin babban wa. Babban wa ya ce a fara gwada na gida tukuna. Likita a Babban Asibitin Kazaure ya ce a wuce da tsoho Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yau, 'ya'ya suka ce sai ranar kasuwa an sayar da akuya. Ba wanda ya ce a bar shi ya mutu, kowa cewa ya yi a dakata. Masana lafiyar mata tun 1994 suka lissafa jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa, watau jinkirin yanke shawara a gida, da na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku muna iya ɗora wa gwamnati da hanya da talauci. Na farkon a hannunmu yake, a Roni, da Gwiwa, da Babura, da ko'ina.

Ɗaya gefen ma yana faruwa a gidajenmu, ko da yake ba mu cika faɗa ba. Tsohuwa ta gaji, likita ya gaya wa iyali a ɓoye cewa babu sauran abin yi, ita ma ta ce a mai da ita ɗakinta. Amma ɗan da yake birni, wanda ya daɗe bai zo ba, ya ce sam, a canza asibiti, a sake gwaji, domin kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Aka sayar da gona, aka yi ta yawo da ita a mota, ta cika a baranda cikin baƙi, ba a ko kira Fada ba don kada ta ji tsoro. Wannan ma ɗaukaka ƙara ce marar sabuwar hujja. Sau da yawa abin da ake jinya a nan lamirin masu lafiya ne.

Akwai abubuwan da za mu iya yi tun kafin rana ta ɓaci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma sa tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa; ya kamata kowane katikis da kowace shugabar Zumuntar Mata su san wannan, su iya faɗarsa cikin ladabi a gaban tebur. Hukuncin 2019 ya nuna cewa ba uba ko uwa da ke da ikon hana yaro maganin da zai ceci ransa, hukuncin 2001 kuma ya nuna cewa baligi shi ke da bakin magana a kan jikinsa. Mace baliga tana cikin wannan, sa hannunta ya isa. Maigidan da zai tafi cin rani, kafin ya ɗauki jakarsa, ya tara mutanen gidan ya faɗa a gabansu cewa in abu ya taso a tafi asibiti, kada a jira shi, ya kuma nuna inda kuɗin yake. Dattijo tun yana da ƙarfinsa ya faɗa wa 'ya'yansa, dukansu a zaune, abin da yake so da wanda zai yi magana a madadinsa in bakinsa ya rufe. Rabin shari'ar Schiavo a kan wannan aka yi ta, gama ba ta bar kome a rubuce ba, kowa ya riƙa faɗin abin da ya ce ya ji. A gidajen da Kirista da Musulmi suke uwa ɗaya uba ɗaya, kamar yadda muke da su a wannan yanki, irin wannan zama ya fi zama dole, domin kada a fara gardamar addini a kan gadon mara lafiya.

Sa'ad da likita ya ba da shawara mai nauyi, tambayoyi uku sun isa: wannan magani warkarwa zai yi ko jan kwana, kwana nawa muke da su kafin mu amsa, me kuma zai faru in muka jira. In ya ce awa shida, to, awa shida ne zaman iyali zai ɗauka, wanda ba a samu a waya ba a yi ba shi. In ya ce babu gaggawa, a nemi ra'ayin likita na biyu, a sa rana. A kuma aika wa Fada tun mara lafiya yana ji yana gani, gama Shafewar Marasa Lafiya ta masu rai ce, a ƙauyukanmu kuwa, inda Fada ɗaya yake zagaya majami'u da yawa, saƙon da aka aika da yamma wani lokaci sai gobe zai samu amsa.